Bargon tafiya mai nauyin giram 600: ingancinsa, iyakarsa, da watan da ya dace a fita da shi

Na sayi wannan bargo ne da niyya ɗaya, wato in rage nauyin jakar da nake goyawa a doguwar tafiyar ƙafa, kuma ta wannan fuska ya cika alkawarinsa ba tare da wata tantama ba. Tsohuwar jakar barcin da nake amfani da ita ta kai kilo 1.5, shi kuwa giram 600 ne kacal, kuma idan aka dunƙule shi aka cusa a ƙasan jaka ba ya cin wurin da ya wuce na ƙwallon ƙafa. Sai dai bayan na kwana da shi dare 24 a jere a kan hanyar Kungsleden da ke arewacin ƙasar Suwidin, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, na gane cewa ba za a yi masa adalci ba idan aka yanke masa hukunci ba tare da an ambaci watan da aka fita da shi ba. A makonni 2 na farko ban taɓa kwana da abin rufa da ya fi shi daɗi ba, a kwanakin ƙarshe kuwa ya kai ni har bakin iyakar abin da zai iya. Bargon bai canja ba a tsakanin nan, kwanan wata ne ya matsa gaba. Kamfanoni da dama suna ƙera irinsa, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi samfurin baki ɗaya.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, jakar barci ce da aka yanke mata baya da hula. Daga gwiwa zuwa tafin ƙafa an ɗinke shi kamar aljihu domin ƙafafu su shige ciki, daga gwiwa zuwa wuya kuwa a buɗe yake ta ƙasa, sai madauri guda 2 na roba da ake zagaya wa katifar da ake hurawa, a maƙala gefunansa a jikinsu. A wuya akwai maɓalli da zaren zuge wanda ke tsuke bakin domin ɗumi kada ya fice. Cikinsa lallausan gashin ƙirjin agwagwa ne, an raba shi gida-gida da ɗinki domin kada ya taru a gefe ɗaya, an kuma lulluɓe shi da yadin nailon siriri ƙwarai, wanda idan aka ɗaga shi ga rana ana hango inuwar gashin a ciki. Hikimar yanke bayan mai sauƙin fahimta ce. Gashin ba shi ne ke ba da zafi ba, iskar da yake riƙewa idan ya kumbura ita ce ke hana ɗumin jiki tserewa, kuma gashin da mutum ya kwanta a kansa ya danne ba ya riƙe iskar komai. Tunda haka ne, sai masu ƙira suka cire wannan ɓangare gaba ɗaya tare da zif ɗinsa, suka bar wa katifa aikin tare sanyin ƙasa. Lambar kumburar gashin da ke cikin nawa 850 ce, ma'ana giram 28 na gashin yana iya tashi ya cika sararin da ya kusa lita 14, kuma wannan shi ne sirrin rashin nauyinsa.

A jikin takardar da aka liƙa masa an rubuta cewa zai kai mutum har zuwa digiri 1 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, kuma a kan wannan lamba ce masu saye da yawa suke tuntuɓe. Jakunkunan barci na gargajiya suna da gwaji na ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 23537, wanda ya maye gurbin wani tsohon gwaji na Turai, inda ake kwantar da mutum-mutumi mai ɗumi, sanye da kayan ciki masu dogon hannu, a kan katifa cikin ɗaki mai sanyi, a auna yawan zafin da yake asara. Daga nan ake fitar da lambobi 3: ta jin daɗi, wadda aka ɗora a kan mai saurin jin sanyi; ta iyaka, wadda mai juriya zai iya barci a kanta a ƙudundune; da ta tsira da rai, wadda ba ta da alaƙa da barci ko kaɗan. Galibin masu ƙera bargo marar baya da hula ba sa bin wannan gwaji, lambar da suke rubutawa kiyasinsu ce, kuma abin da na gani da jikina ya nuna mini cewa ta fi kusa da lambar iyaka fiye da ta jin daɗi. Shawarata ita ce mutum ya ƙara digiri 5 a kan abin da aka rubuta, ya ɗauki sakamakon a matsayin sanyin da zai yi barci mai nauyi a cikinsa. Haka kuma tunda babu komai tsakanin baya da ƙasa sai katifa, ingancin katifar rabin ingancin bargon ne. Katifu suna da tasu lambar da ake kira R, mai nuna ƙarfinsu na tare sanyin ƙasa, wadda tun daga 2020 manyan kamfanoni suka fara auna ta da gwaji iri ɗaya, kuma wanda zai kwana inda raɓa ke daskarewa bai kamata ya sauka ƙasa da 3 ba. Tawa ta ɗan haura haka, shi ya sa ban taɓa jin sanyi ya taso mini daga ƙasa ba.

Ban zaɓi tsakiyar Agusta da ka ba. Kungsleden tana da tsawon kusan kilomita 440 daga Abisko a arewa zuwa Hemavan a kudu, kuma lokacin bin ta da ƙafa gajere ne, daga ƙarshen Yuni zuwa wajen tsakiyar Satumba, wanda shi ne kuma lokacin da bukkokin ƙungiyar yawon buɗe ido ta ƙasar ke buɗe, jiragen ƙetare tafkuna kuma ke aiki. A cikin waɗannan makonni ma ba duka ne suka yi daidai da mai ƙarancin kaya ba. A ƙarshen Yuni dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan tuddai ba, ƙasa a jiƙe take sharkaf, rafuka kuma a cike. Yuli ya fi ɗumi, rana ma ba ta faɗuwa a Abisko har zuwa wajen tsakiyar watan, amma shi ne watan sauro, kuma sauron wannan yanki yawansa ya isa ya hana mutum tsayawa ya huta. A nan ne na fara ganin cewa watan da ya fi zafi ba lallai ne ya zama watan da jaka ta fi sauƙi ba, domin wanda ya fita a Yuli dole ya ɗauki tanti mai cikakken gidan sauro, da ragar fuska, da maganin shafawa, da tufafi masu kauri da bakin sauro ba ya hudawa, ga shi kuma babbar fa'idar wannan bargo, wato a yaye shi a miƙe ƙafa waje idan an ji zafi, ta tashi a banza. Daga tsakiyar Agusta sauro ke ja da baya, ƙasa ta bushe gwargwado, rafuka sun sauka, dare kuma bai riga ya yi tsanani ba.

A waɗannan makonni na farko bargon ya burge ni ƙwarai. Ni mutum ne mai yawan juyi a barci, kuma a cikin jakar barci ta gargajiya nakan farka in tarar hular ta koma gefen fuskata, zif yana ƙarƙashin haƙarƙarina. Da wannan kuwa nakan juya a ƙarƙashinsa kamar yadda ake yi a gado, shi yana nan inda madauri suka riƙe shi. A daren da na kwana kusa da mashigar Tjäktja, wadda ita ce wuri mafi tudu a hanyar, kimanin mita 1,150, iska ta yi ta kaɗa ƙaramin tantina mai bango ɗaya da nake kafawa da sandunan tafiya, amma da na tsuke madaurin na zuge wuya, sai na yi barci har gari ya waye ban farka ba. A dare mai ɗumi kuma, cikin kurmin itatuwa a ƙasan kwari, sai in kwance madaurin in yafa shi a ƙafafu kawai. Wannan sassauci shi ne abin da na fi yaba masa, domin abin rufa guda ɗaya yana biyan buƙata daga digiri 15 har zuwa 4 ko 5 ba tare da gumi ko rawar ɗari ba, kuma a doguwar tafiya duk kayan da ke yin aiki biyu ya cancanci wurinsa a jaka.

Daren da ya nuna mini iyakarsa ya zo ne a ranakun farko na Satumba, a kudancin hanyar, kuma ba a kan tsauni ba ne. Yini aka yi ana rana mai kyau, ganyen itatuwa sun fara komawa ruwan ɗorawa, da yamma iska ta ɗauke cak, sama ta washe babu ko ɗigon gajimare. Na kafa tanti a wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa a bakin rafi, a ƙasan kwari, saboda ruwa yana kusa kuma wurin ya yi laushin kwanciya. Wajen ƙarfe 3 na dare sanyi ya tashe ni. Ya fara ne daga kafaɗar da ke sama da kuma ƙugu, inda yadin ya ɗame gashin ya yi siriri, sannan duk lokacin da na motsa sai gefen bargon ya ɗan ɗaga, wata siririyar iska mai kama da wuƙa ta shigo ta bi gadon bayana. Na haska fitila, sai na ga numfashina ya daskare a jikin tantin ta ciki ya zama farin gari, ɗan ma'aunin zafi da na rataya a sanda yana nuna digiri 4 ƙasa da sifili, bakin gorar ruwata kuma ya kama ƙanƙara. Na sa rigar sanyi, na ja hular ulu har kan gira, na ɗora rigar ruwa a kan ƙafafu, na ƙudundune ina jiran asuba. Ban shiga haɗari ba, amma barcin da na yi daga nan bai kai awa ɗaya ba, kuma washegari tafiyar kilomita 20 ta yi mini nauyin da ta kilomita 30 ba ta yi ba a makon farko.

Laifin wannan dare ya kasu kashi uku, kuma kashi ɗaya ne kawai na bargon. Na farko shi ne wurin da na zaɓa. Idan sama ta washe kuma babu iska, ƙasa tana sakin zafinta zuwa sararin samaniya ba tare da gajimare ya mayar mata da shi ba, iskar da ta yi sanyi kuma ta fi nauyi, sai ta gangaro daga tuddai ta taru a ƙasan kwari kamar yadda ruwa ke taruwa. Da na hau 'yan mitoci sama na kwanta ƙarƙashin itatuwa, da na sami ƙarin digiri 2 ko 3. Na biyu shi ne ƙirar bargon, domin abin da ya sa ya yi daɗi a dare mai ɗumi shi ne ya zama rauninsa a dare mai tsanani: ba shi da hula, kuma gefunansa ba sa rufewa ruf. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kwanan watan. A wannan yanki tazarar da ke tsakanin ƙarshen sauro da farkon daskarewar dare ba ta wuce 'yan makonni ba, ni kuwa na fara tafiyar kwana 24 a cikinta ba tare da na lissafa inda ƙarshen tafiyar zai faɗa ba. Wanda ya fara a makon farko na Agusta zai sha ɗan cizon sauro a arewa, amma zai kammala kafin sanyi ya kankama.

Akwai wata matsala da ba ta bayyana a dare ɗaya, sai a hankali, kuma ita ce ta fi ɗaure wannan kaya da lokacin shekara. Gashin agwagwa ba ya shiri da danshi. Ba sai ruwan sama ya jiƙa shi ba, domin jikin mutum da kansa yana fitar da tururi duk dare, wani ɓangare na tururin yana maƙalewa a cikin gashin idan yadin waje ya yi sanyi, ga kuma raɓar da ke ɗiga daga bangon tanti a kan ƙafafu. Kowace safiya bargon yana ɗan rage kumbura. A Agusta maganin wannan mai sauƙi ne: idan na tsaya hutun tsakar rana sai in shimfiɗa shi a kan dutse, in danne gefunan da takalmi da gora don kada iska ta ɗauke shi, cikin minti 20 ya tashi ya koma yadda yake. A Satumba kuwa rana ta yi rauni, yini ya gajarta, kuma na yi kwana 4 a jere cikin yayyafi da hazo ban sami damar shanya shi ba ko sau ɗaya. A tsakanin ƙauyukan Kvikkjokk da Ammarnäs babu jerin bukkoki masu murhu irin na arewacin hanyar, saboda haka wuraren da za a fake a busar da kaya kaɗan ne. A dare na huɗu bargon da aka rubuta wa digiri 1 ƙasa da sifili ya koma kamar na digiri 7 ko 8. Wanda zai yi tafiya a ƙasa mai yawan ruwa da ƙarancin rana gara ya ɗauki irin wanda aka cika da zaren roba, duk da cewa ya fi nauyi kuma ya fi cin wuri, domin shi yana riƙe ɗumi gwargwado ko da ya yi danshi.

Abin da na gani a wannan hanya ɗaya yana maimaita kansa a sauran manyan hanyoyin duniya, kowace da irin nata salo. Masu ƙarancin kaya sukan sa wa kansu iyakar kilo 4.5, ban da abinci da ruwa da makamashin girki, kuma ba a kai wa ga wannan adadi sai an zaɓi lokacin da yanayi da kansa ya ɗauke wa mutum buƙatar wasu kayan. Tsananin zafi yana rage tufafi amma yana ƙara ruwa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ba ta da wata dabarar ragewa. A hanyar Pacific Crest Trail ta yammacin Amurka, mai tsawon kusan kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, kilomita 1,100 na farko busasshiyar ƙasa ce inda mutum kan goya lita 5 ko 6 tsakanin wannan mashaya da waccan, wato nauyin da ya ninka na wannan bargo kusan sau 10. Wanda ya makara ya shiga wannan yanki a Yuni ya zubar da duk ribar da ya samu wajen rage kaya. A tsibirin Kosika na Faransa, inda hanyar GR20 mai kusan kilomita 180 take, zafin tsakiyar bazara yana zuwa da tsawa da walƙiya bayan azahar, har matafiya kan tashi tun da duhu domin su sauka daga kan duwatsu kafin hadari ya haɗu. A Sikotilan kuwa, a hanyar West Highland Way mai kilomita 154, ƙananan ƙwari masu cizo suna mamaye wurin daga Yuni zuwa Agusta, shi ya sa da yawa suka fi son Mayu.

Idan aka tambaye ni tsakanin farkon lokacin tafiya da ƙarshensa wanne ya fi dacewa da mai wannan bargo, zan ce ƙarshen, matuƙar an bar tazara kafin sanyi. Dalilina shi ne matsalolin farkon lokaci suna buƙatar kayan ƙarfe da ƙwarewa, na ƙarshen kuwa galibi suna buƙatar ƙarin tufa ne kawai. A tsaunukan Sierra Nevada da hanyar yammacin Amurka ke ratsawa, inda mashigar Forester ta kai mita 4,009, wanda ya shiga da wuri zai tarar da dusar ƙanƙara a kan gangara, ya buƙaci gatarin ƙanƙara da ƙusoshin takalmi, sannan ya fuskanci koguna da narkewar ƙanƙara ta cika. Shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar tsakiyar Yuni a matsayin lokacin shiga waɗannan tsaunuka a shekarar da ƙanƙara ta zuba daidai misali, kuma shi ya sa masu bin hanyar daga kudu ke farawa a Afrilu ko farkon Mayu. A 2017, shekarar da ƙanƙara ta zuba fiye da kima, matafiya 2 sun rasa rayukansu a kogunan wannan yanki. Babu wani bargo, komai ingancinsa, da ke da amsa ga kogin da ya kawo. Ƙarshen lokaci ma yana da nasa sharri a can, wato gobarar daji da hayaƙinta, waɗanda kan sa a rufe sassan hanyar a Agusta da Satumba.

Tafiyar da za ta ɗauki wata 5 ko 6 kuwa ba ta da lokaci ɗaya da zai wadatar da ita daga farko zuwa ƙarshe, sai dai mutum ya tsara ta yadda zai yi tafiya tare da yanayin. Hanyar Appalachian Trail ta gabashin Amurka tana da kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine. Galibin masu bin ta daga kudu suna farawa a Maris ko Afrilu, domin ana so a isa tsaunin Katahdin, inda hanyar ta ƙare, kafin 15 ga Oktoba, amma wanda ya fara a Maris yana iya haɗuwa da dusar ƙanƙara a tsaunukan Great Smoky, inda hanyar ta haura mita 2,000. Wannan bargo bai isa wannan sashe shi kaɗai ba, alhali a Yuli zai yi wa mutum yawa a ƙananan tuddai masu gumi. Abin da gogaggun matafiya ke yi shi ne su fara da kayan sanyi, su aika da su gida ta gidan waya idan gari ya yi ɗumi, a sake aiko musu da su kafin su shiga tsaunukan arewa. A irin wannan tsari bargon shi ne na tsakiyar tafiya, kuma zai yi aikin watanni 3 ko 4 lafiya lau. Wanda ya nufi kudancin duniya kuma ya tuna cewa kalandar a juye take: hanyar Te Araroa ta ƙasar New Zealand, mai kusan kilomita 3,000, ana fara ta ne daga arewa wajen Oktoba ko Nuwamba, ita kuwa Larapinta da ke tsakiyar Ostireliya, mai kilomita 223, a watannin sanyinsu ake bin ta, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da rana ke da sauƙi amma dare kan sauka ƙasa da sifili.

Wajen tsayar da ranar tashi, abin da na koya shi ne a daina kallon matsakaicin zafin wata, domin matsakaici ba ya kwana a tanti. Abin dubawa shi ne dare mafi sanyi da aka saba samu a wannan mako cikin shekarun baya, a kuma tuna cewa tashoshin auna yanayi galibi a garuruwa suke, ƙasa da hanyar, kuma zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau. Sai a cire wannan, a ƙara cire digiri 2 ko 3 saboda kwari da sararin sama da ya washe, a kwatanta abin da ya rage da ainihin ƙarfin bargon. Lissafin kuma a yi shi a kan makon ƙarshe na tafiyar, tare da ƙarin kwanaki saboda ciwon ƙafa ko ruwan da zai tsare mutum, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ranakun buɗewa da rufe bukkoki da mashigai alama ce mai ƙarfi, domin mutanen da suka tsayar da su sun ga shekaru masu yawa. Misali, ana rufe hanyar tudu da ke ƙetare tsaunukan Pyrenees a farkon Camino Francés, hanyar masu ziyarar ibada da ke tashi daga Faransa zuwa Sifen, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Duk da haka, lokaci mafi kyau rinjaye ne kawai, ba tabbaci ba ne. Oktoba shi ne watan da aka fi yabawa a zagayen Annapurna na ƙasar Nepal, amma a Oktoban 2014 wata guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da matafiya a yankin mashigar Thorong La mai mita 5,416, mutane fiye da 40 suka rasu. Saboda haka ko a mako mafi lafiya ban yarda a bar rigar ruwa, da rigar sanyi, da hula, da safa busasshiya ta barci a gida ba. Yanayin jiki yana shiga haɗari da zarar zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, kuma ruwa da iska suna kai mutum nan ko da ba a ga ƙanƙara ba.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Maƙalan madaurin ƙanana ne, kuma da yatsu masu sanyi a cikin duhu sukan ba da wahala. Yadin yana buƙatar lallaɓawa, domin wani busasshen reshe ya huda nawa kusa da gwiwa, na toshe da ɗan manne kafin gashin ya fara fita, kuma bai sake buɗewa ba. Ɗinkin kuwa ban ga inda ya saki ba. A gida kada a ajiye shi a matse cikin ƙaramar jakarsa, a bar shi a sake domin gashin kada ya mutu.

Wanda yake da ikon zaɓar ranar tashinsa, yana da katifa mai kyau, kuma ya san inda ake kafa tanti, ina ba shi shawarar sayen wannan bargo ba tare da shakka ba, domin kusan kilo ɗaya da zai sauke daga bayansa zai ji shi a gwiwoyinsa kowace rana. Wanda hutun aikinsa ya ɗaure shi da farkon lokaci ko can ƙarshensa, ko mai saurin jin sanyi, ko wanda zai shiga ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, ya nemi mai ƙarfin digiri 6 ko 7 ƙasa da sifili, ko ya tsaya a kan cikakkiyar jakar barci mai hula, ya haƙura da ƙarin nauyin. Ni dai zan koma Kungsleden da wannan bargon, amma zan tashi daga Abisko kwana 10 kafin ranar da na tashi wancan karo, zan ƙara hula mai gashin agwagwa da ke rufe wuya da kunnuwa, kuma a duk daren da na ga taurari sun fito tar babu iska, zan wuce bakin rafi in hau tudu kafin in sauke jaka.